Ambulan Huɗu, a Rufe

Mijin yayata ya yi shekara talatin da ɗaya yana aiki a gidan yari, amma bai taɓa riƙe kulki ba. A sito yake. Idan aka kawo mutum, kafin a ba shi kayan gidan, sai ya tsaya a gaban wata 'yar taga ya zazzage duk abin da ke aljihunsa. Mijin yayar tawa ya rubuta su ɗaya bayan ɗaya, ya zuba a jakar yadi, ya ɗaura mata 'yar takarda mai sunan mutumin, ya ɗora a kan kanta. Ranar fita ya sauko da ita su ƙirga tare. Aikin ke nan har kansa ya yi furfura. Shi ya sa kowa ke ce masa Mai Sito, har da yayata da ta haifa masa 'ya'ya biyar.

Tun ina 'yar shekara goma sha ɗaya nake tsokanarsa, kuma ban taɓa cin nasarar sa shi fushi ba. Mutum ne da idan aka aike shi sayen ƙwai goma, sai ya ƙirga a shago, ya ƙirga a ƙofar gida, ya sake ƙirgawa a gaban yayata. Tafiyarsa a hankali, maganarsa a hankali, cin abincinsa kuwa sai ka yi barci ka farka. Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu fama da shaye-shaye na asibitin garinmu, kuma kowa ya san ni da rawar kai da saurin baki. Shi yake ce mini Likita, alhali ya san sarai ba likitar ba ce. Ni kuma in ce masa Yaya a gabansa, a bayan idonsa in ce Hawainiya.

A sitonsa akwai wata kanta kusa da ƙofa, daidai tsayin ƙirji, inda ba sai ya hau tsani ba. Nan yake ajiye jakunkunan waɗanda ya san za su dawo. Idan irinsu suka karɓi kayansu suka fita, ba ya ma kwance takardar sunan, sai ya ninke jakar ya mayar wurinta. Yana ganin dabara ce ta rage wa kai wahala, har yana koya wa sababbin ma'aikata.

A cikin masu wannan kanta akwai wani dogon mutum da gandirobobi ke kira Ɗan Gida, saboda yawan shiga da fitarsa. Ba ɗan fashi ba ne, bai taɓa zubar da jinin kowa ba. Ɓarawon shaguna ne, mai ɓalle kwaɗo, kuma abin da ya samu a ƙwaya yake ƙarewa. A fitarsa ta tara, ya karɓi wandonsa da bel ɗinsa da matacciyar wayarsa, sai ya ga Mai Sito ya ninke jakar da sunansa a jiki ya mayar kan kanta. Ya yi murmushi ya ce, "Oga, ka ajiye mini wurina ke nan?"

Da wasa ya faɗa. Amma yayata ta ce ranar mijinta bai ci abinci ba. Ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa, ya ce mata, "Ashe ni ne mutum na ƙarshe da suke gani a gidan nan, kuma abin da nake ce musu shi ne sai kun dawo."

Daga nan ya fara kallon abin da ke cikin jakunkunan da wani ido daban. Makullin ɗakin da tuni an ba wani haya. Katin asibiti da ya daɗe da daina aiki. Waya ba caji. Ya kuma lura da lokacin da ake yawan sakin mutane, wato Juma'a da la'asar, lokacin da kowane ofis ya ja ƙofa sai Litinin. Mutum ya fito ba ɗaki, ba magani, ba wanda ke jiransa, sai tsofaffin abokansa na ƙarƙashin gada, su kam ba sa zuwa hutun ƙarshen mako. Kafin Litinin ta zo, tsohon hali ya riga ya motsa. Ya ce wasu jakunkunan ko ƙura ba sa yi kafin masu su su dawo.

Da ya yi ritaya, yayata ta ɗauka ta samu mai taya ta hira. Ina! Kwana huɗu ya yi a gida, a na biyar ya goge takalmi ya fita. Makaminsa ɗaya ne, zama. Ya je caji ofis neman Sufeton da ke kula da masu yawan laifi, aka ce ba ya da lokaci. Ya ce ba komai, ya zauna a benci. Washegari ya dawo, jibi ma ya dawo, yana gaida duk wanda ya wuce, har Sufeto ya ji kunyar ratsa tsoho kullum da safe ya ce a shigo da shi. Haka ya yi wa Malamar ofishin walwala, wadda ke riƙe da takardun waɗanda aka saki bisa sharaɗi. Ni kuwa, da na ce masa ina da marasa lafiya sittin a rana ba ni da lokacin taron tsofaffi, sai kawai na ɗaga kai wata safiya na gan shi a layi da kati a hannu, tsakanin samari biyu masu rawar jiki.

"Yaya, me ya same ka?"

"Ba komai, Likita. An ce sai da kati ake ganinki, na yanka."

Na yi dariya har da hawaye, kuma ranar Laraba na je taron.

A bayan shagon wani kafinta muke haɗuwa, abokinsa ne tun yarinta, mutum mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya. Akwai wani tebur a wurin da ƙafarsa ɗaya ta gaza, an tokare ta da ninkakken kwali. Shekara biyu muna zama a kansa, a shagon kafinta guda, ba wanda ya gyara shi. Mu biyar ne: Sufeto, Malama, Kafinta, ni, da Mai Sito. A zaman farko ya ce mana, "Duk mutum ɗaya kuke wahala a kansa. Yallaɓai ya san inda yake sata. Likita ta san abin da yake sha. Malama ta san ranar da zai fito. Kafinta na neman hannu a shago. Amma ba wanda ya taɓa gaya wa wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka."

Tsarin ba wani mai wuya ba ne. Malama ta kawo sunan wanda zai fito wata mai zuwa. A nemo masa ɗaki, a buɗe masa kati a wurina, Kafinta ko wani mai sana'a da ya lallaɓo ya karɓe shi, Sufeto ya ja wa yaransa kunne kada su riƙa ɗauke shi duk lokacin da akuya ta ɓata a unguwa. Shi kuma Mai Sito ya ɗauki aikin da ba na kowa ba. Ranar fita yana tsaye a ƙofar gidan yari da leda a hannu: sabulu, buroshi, cajar waya, tikitin bas, makullin ɗaki. Ya raka mutum har ɗakinsa, ya leƙa shi Asabar, ya leƙa shi Lahadi. Yana cewa wanda ya tsallake kwana ukun farko ya ci rabin yaƙi.

Ba zan yi ƙarya in ce duk sun shiryu ba. A cikin goma sha tara da muka riƙa, bakwai sun koma. Wani ma da injin huda katako na Kafinta ya gudu, Kafinta ya yi mako uku yana zagin teburin da duk wanda ke zama a kansa, sannan ya dawo ya zauna. Duk wanda ya koma, Mai Sito sai ya kai masa ziyara, ya dawo ya ce mana, "A ina muka sake shi?" Ba ya cewa a ina ya lalace. Wannan tambaya tana ba ni haushi, don ni a ganina wani lokaci mutum ne kawai ya zaɓi lalacewa. Amma sau da yawa idan aka bi diddigi, sai a tarar da wurin da muka saki ɗin.

A shekara ta uku Malama ta kawo sunan Ɗan Gida. Fita ta goma sha biyu, shekarunsa arba'in da shida. Za a sake shi bisa sharaɗi, da sauran shekara biyu a kansa. Idan ya karya sharaɗi ɗaya, zai koma ya cinye su cif.

Sufeto ya ture takardar. "Baba, da hannuna na kama mutumin nan sau biyar. Mai hali ba ya fasa halinsa. Mu ba wani wannan dama."

Ni ce na yi magana, don ni na san abin da ba su sani ba. Mahaifiyar Ɗan Gida tana kwance a asibitinmu, a hawa na biyu, ɗakin mata na masu doguwar jinya. Zuciyarta ta gaji, ƙafafunta sun kumbura kamar an hura. Likitan da ke duba ta ya gaya mini ba ya tsammanin za ta wuce wata uku. Shi kaɗai ta haifa. Na ce musu idan ya koma, ko na kwana ɗaya aka ce ya karya sharaɗi, to shi da uwarsa sai a lahira.

Sufeto ya jawo takardar ya sa a gabansa.

Kowa ya zage a kan wannan mutum, kuma zagewar ce ta kusa kashe mu. Na je na roƙi likita ya ba shi wuri da wuri don a fara masa magani. Malama ta tsallake mutum goma ta sa shi a gaba. Sufeto ya ce shi da kansa zai riƙa karɓar sa hannunsa. Kafinta da ya ga kowa na rubuta wasiƙa, shi ma ya sa 'yarsa ta rubuta masa tasa, har da ambulan. Ranar Alhamis Mai Sito ya zagaya ya karɓi wasiƙun daga hannunmu, kowa a wurin aikinsa. Ranar Juma'a ya tari Ɗan Gida a ƙofa, ya kai shi ɗakinsa, ya kai shi wurin tsohuwa.

Ina wurin lokacin da ya shiga. Ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Inna, na zo." Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta ce, "Sannu. Yaushe za ka koma?" Ba da faɗa ta faɗa ba. Tambaya ce irin wadda ake yi wa baƙon da ya zo daga garinsu. Shekara ashirin da biyar ta saba, zuwansa ziyara ce, can ne gida. Asabar ya zo ta tambaye shi haka, Lahadi ma haka.

Ranar Litinin na shirya katinsa tun ƙarfe takwas da rabi. Tara ta yi, goma ta yi, babu shi. Sha ɗaya saura sai ga wayar Sufeto.

"Sista, mutuminku yana wurinki?"

"Ba ya nan. Ba ya wurinka?"

"Bai zo ba. Malama ma ta kira, Kafinta ma. Na gaya muku. Ƙarfe huɗu zan rufe littafi in aika rahoto, ba yadda zan yi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna roƙon da na yi wa likita, na tuna tsohuwar da ke sama, na ce lallai ɗan Adam ba abin yarda ba ne. Na bar wa abokiyar aikina layi, na ɗauki motata na je na ɗauko Mai Sito, ina faɗa tun daga ƙofar gida. Shi kuwa sai da ya ɗaure igiyar takalminsa duka biyu a nutse.

Mai gidan hayar ta ce ya fita tun ƙarfe bakwai, ya yi wanka, ya share ɗaki, ya gaishe ta. Muka leƙa ta taga. Ya ninke bargo kusurwa huɗu a ƙarshen katifa, kofi da cokali a jere a kai. Muka je ƙarƙashin gada, tsofaffin abokansa suka rantse ba su sa shi a ido ba. Muka zaga bayan tasha, muka koma asibiti ko yana wurin uwarsa. Babu. Ƙarfe biyu ta gota, ni gumi, ni masifa.

"Yaya, ka yarda kawai. Ya gudu. Ka ɓata shekara uku a kan mutanen da ba sa so."

Can ya ce, "Likita, kin ga bargon nan?"

"Bargo kuma? Ana maganar mutum kana maganar bargo?"

"Haka ake ninke shi a ciki ranar da za a duba ɗaki. Wanda zai gudu ba ya ninke bargo haka. Juya motar, mu je tsohon wurin aikina."

A tsallaken titi, daura da babbar ƙofar gidan yari, akwai wani benci na siminti a ƙarƙashin rumfar kwano inda masu ziyara ke jira. Litinin ba ranar ziyara ba ce, don haka mutum ɗaya ne a kai. Yana zaune ya haɗa gwiwoyi, ledar da aka ba shi ranar Juma'a tana gefensa, ya danne wasu takardu a cinya da tafin hannu kada iska ta kwashe.

Na buɗe baki zan fara, Mai Sito ya taɓa hannuna. Ya je ya zauna kusa da shi kamar wanda ya zo jiran bas.

"Sannu da hutawa."

"Sannu, Baba."

"Tun yaushe?"

"Tun takwas."

"Ka sha wani abu?"

"Wallahi ko ruwa ban sha ba. Sista ta gwada ni in tana so."

Ya miƙa masa takardun. Mai Sito ya sa tabarau ya karanta ta farko, ya karanta ta biyu. Da ya gama ta huɗu sai ya haɗa su. Ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba.

Ta Sufeto ta ce ya zo caji ofis Litinin ƙarfe tara, rashin zuwa karya sharaɗi ne. Ta Malama ta ce ya zo ofishinta Litinin ƙarfe tara, rashin zuwa karya sharaɗi ne. Ta Kafinta ta ce Litinin ƙarfe tara daidai, wanda ya makara ranar farko kada ya wahalar da kansa ya zo, ga shi kuma riƙe aiki yana cikin sharuɗɗan. Ta huɗun rubutuna ne. Litinin, ƙarfe tara. Har na ja layi biyu a ƙarƙashi da jan biro. Kowannenmu ya ba shi wuri mafi kyau da yake da shi, farkon mako, farkon layi, kuma tsakanin caji ofis da asibiti kaɗai tafiyar bas biyu ce. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

"Jiya na ba wani maƙwabci ya karanta mini," in ji Ɗan Gida. "Na kwana ina lissafi. Duk inda na je, uku sun kama ni. Na ce in dai komawar ce, gara in kawo kaina da ƙafata, kada a zo a sa mini ankwa a gaban Inna."

"Me ya hana ka kira ni?" na ce.

"Sista, a ciki ba a cewa oda ta yi karo da oda. In manya huɗu suka ce tara, ai sun san abin da suke yi. Na ɗauka gwaji ne, kuma na faɗi." Ya nuna ƙofar da haɓa. "Na ƙwanƙwasa ma. Suka ce ba sa karɓar mutum sai da takarda. Sau goma sha biyu ana turo ni ciki, yau na zo da kaina an ce ban cika sharaɗi ba."

Dariya ta kusa kuɓuce mini a tsakiyar kuka. Mai Sito bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya ce, "Laifina ne. A hannuna suka kwana. Shekara talatin da ɗaya ban taɓa buɗe ambulan ɗin wani ba. In rubuta, ambulan huɗu, a rufe, in miƙa wa mai su. Haka na yi maka, har na ƙirga su sau biyu a gabanka. Na yi aikin sito a inda ba sito ba. Ka yafe mini."

Ɗan Gida ya rasa inda zai sa idonsa. Ina jin tun da aka haife shi ba wani mai furfura da ya taɓa neman gafararsa.

Uku saura kwata. Na ce mu wuce caji ofis kai tsaye, Mai Sito ya ce a'a, can Sufeto na gaban yaransa, dole ya yi Sufeto. Ya karɓi wayata ya kira su ɗaya bayan ɗaya, ya ce a haɗu a tebur yanzu. Ban taɓa jin ya ce wa wani yanzu ba sai ranar.

Sufeto ne ya zo ƙarshe, uku da rabi, fuska a murtuke, littafin sa hannu a hammata. Da ya ga Ɗan Gida a tsugune a jikin tarin katako sai ya ce, "A ina kuka kamo shi?" Mai Sito ya share garin katako daga kan tebur da gefen hannu, ya jera wasiƙun huɗu gefe da gefe, ya koma ya zauna.

Malama ta dafe baki. Kafinta ya karanta tasa ya ce, "Kai! Ni da na ce tara don in sauƙaƙa masa, ma'aikatana bakwai da rabi suke zuwa!" Sufeto ya bi su da ido sau biyu, ya sosa ƙeya.

"Baba, na gani. Amma doka ba ta san wannan ba. Tara aka ce, bai zo ba. In na ɓoye, gobe wani abu ya faru, kakina ne a ciki."

"Ban ce ka ɓoye ba, Yallaɓai. Ka rubuta gaskiya. Ka rubuta cewa mutum biyar ne suka karya sharaɗin nan, ka fara da sunana. Shi kaɗai ne a cikinmu ya je inda ya ga ya dace tun ƙarfe takwas."

"Ina ya je?"

"Ya kai kansa gidan yari," na ce. "Suka ƙi karɓa."

Sufeto ya juya ya dubi mutumin da ya kama sau biyar, wanda sau biyu a ciki sai da suka yi tsere a kan rufin shaguna. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya buɗe littafin, ya rubuta ainihin lokacin, huɗu saura minti goma sha biyu, ya cika rabin shafi da bayani a ƙasa, ya sa hannu, ya juyo mana da littafin. Duk muka sa hannu a ƙarƙashin nasa. Da aka zo kan Ɗan Gida teburin ya yi ta girgiɗi, sai da Kafinta ya danne shi da cikinsa. Daga baya na ji sai da Sufeto ya tsaya a gaban na sama da shi ya sha tambayoyi a kan wannan rabin shafi. Bai taɓa gaya mana ba.

Tun daga ranar aka daina ambulan. Kati ɗaya ne, a kan tebur ake cika shi, kowa na kallon abin da ɗan'uwansa ya rubuta, kuma Mai Sito ya karanta wa mai shi da baki, ya sa shi ya maimaita. Ranar Laraba da muka zo, Ɗan Gida ya riga ya gyara ƙafar teburin. Kafinta ya ce shi dama yana da niyya.

Kullum idan ya tashi daga aiki ƙarfe biyar, sai ya hau bas ya zo asibiti da garin katako a gashinsa. Ya ɗaga tsohuwa ya gyara mata matashi, ya shafa mata mai a ƙafa, ya ba ta shayi da cokali. Maganin da muke ba shi yana wahalar da shi, wasu ranakun yana zufa yana hamma, amma yana zuwa. Ita kuma kullum sai ta tambaya, "Yaushe za ka koma?" Ya ce, "Ba yanzu ba, Inna." Ta gyaɗa kai irin na wadda ta sha jin haka.

A mako na bakwai, wata Talata, suka kai kujeru wata makaranta a bayan gari, motar ta lalace a hanya. Bai iso ba sai shida da rabi. Ina tsaye a baranda da Mai Sito, wanda ya zo karɓar maganin hawan jinin yayata, muka ga ya wuce mu da gudu yana haki. Bai yi minti biyar a ciki ba ya fito, ya jingina da bango, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na rawa. Na ɗauka ta cika. Na leƙa na gan ta a zaune, tana gyara ɗankwali.

Mai Sito ya matsa kusa da shi. "Lafiya? Me ta ce?"

Ya sauke hular. Hawaye ya wanke masa fuska, amma dariya yake yi.

"Baba, faɗa ta yi mini. Ta ce ina na tsaya tun ɗazu tana jira, shayinta har ya huce. Ta ce na makara."

Hawainiyar tawa ya juya ya fuskanci taga, ya ciro hankici, ya daɗe yana goge tabarau ɗin da ba abin da ya same shi. Ban tsokane shi ba.

Kwana goma sha ɗaya bayan nan ta rasu, da hantsi, kanta a kan hannun ɗanta. Ba ta sake tambayarsa yaushe zai koma ba.